Damin Makaɗi

Sunan mijina Rabo. Na kama shi yau ne don labari, Allah ya yafe mini, domin duk zaman da muka yi ban taɓa kiransa da shi ba. Maigida nake cewa, in kuma ya ɓata mini rai in ce "kai wannan".

A ƙauyenmu, tafiyar hantsi daga Geceme, ba a yi manomi kamarsa ba a zamaninsa. Ba don mijina ne na faɗa ba, ku tambayi duk tsohon da ya rage. Sai dai yana da wani hali da nake yi wa dariya: in ba ganga, nomansa irin na kowa ne. Sai Ɗanmalam ya rataya gangar noma ya biyo bayansa, sannan za ka ga ƙasa tana tashi, samari suna cije leɓe ya bar su a baya. Ɗanmalam amininsa ne tun suna yara, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Sunan ne kawai na malamai, gidansu kaf makaɗa ne.

Daminar da ta biyo bayan sauke tutar Faransa a Dogon Dutsi, muka kira gayya a gonarmu. Rana ce mai zafi, babu ko ɗigon gajimare. Rabo yana gaba, kansa a duƙe, Ɗanmalam yana binsa da kiɗi. Ana cikin haka Ɗanmalam ya dafe ƙirji ya durƙusa, sandar kiɗin ta faɗi, shi ma ya bi ta. Mutane suka yar da hauyoyi suka yi kansa. Rabo bai ji ba, bai gani ba. Sai da ya nome layi uku cur sannan ya ɗaga kai, ya hangi jama'a sun yi cincirindo a tsakiyar gona. Kafin la'asar Ɗanmalam ya cika.

Shekarar nan maƙwabta suka ƙarasa mana noma, muka samu abin da muka samu. Rani ya shigo, mutumina ya zauna a gindin danga. Na ce baƙin ciki ne, zai wuce. Da ruwan farko ya sauka ya fita da mu shuka, yana sara muna zuba iri har muka gama. Na yi hamdala, ashe ban ga komai ba tukuna.

Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, lokacin noman farko ya yi. Kowa ya san wannan noman ba ya jira. In ka bar shi ya wuce kwanakinsa, harkiya da ƙarangiya za su shaƙe geron, ya yi rawaya ya tsaya a gwiwa, shekara ta tafi ke nan. Rumbunmu kuwa ya kai inda sai na shiga da rabin jikina nake taɓo zangarniya. Babban ɗanmu Usman ya tafi Kurmi, can kudu, shekara biyu ba labari, sauran uku ƙanana ne, bakin ci kawai. Kowa a gari yana fama da tasa gonar.

Kullum da safe Rabo zai saɓa hauya ya fita kamar mutumin kirki. In na kai masa fura da hantsi sai in tarar da shi zaune a bakin gona, hauyar tana kwance, ko ƙasa ba ta taɓa ba.

"Maigida, mi ya hwaru kuma?"

"Ba ni iyawa, Ladidi."

"Hannun ya karye ko bayan?"

"In na duƙa sai in ji ana ce mini, kai na wanda amininka ka mutuwa bayanka kana ta turar ƙasa awa jaki. Ina amfaninka? Ko ka nome ta, mi ka yi?"

"Wa ka ce maka hakanan?"

"Ni ka ce ma kaina. Kuma gaskiya ta."

Ni mace ce mai baki, ban ɓoye ba. Na yi faɗa, na yi gori, na kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya na ce ya faɗa mini wanda zai fara binnewa. Duk abin da na jefa masa sai ya karɓa ya ɗora a kan nasa, ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan. Faɗana bai nome ko taki ɗaya ba. Na karɓo rubutu ya sha. Gwaggonsa ta ce doguwa ce ta taɓa shi a gonar, ta kawo ƴan bori suka yi turare suka ci akuyarta. Har wani saurayin ma'aikacin gona ya zo daga Dogon Dutsi a kan keke, da hular kwano, ya tara mu ya ce ƙasa ta samu ƴanci, kowa ya tashi ya yi aiki. Rabo ya saurare shi da ladabi, ya yi masa godiya, ya koma gindin danga.

Ni da kaina na shiga gonar da tawa ƙaramar hauya. Amma ga daka, ga ruwa, ga goyo. Abin da nake nomewa a yini, kafin in kai ƙarshensa farkon ya sake yin kore.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum yake yi wa kansa tafi. Na ce tunda ganga ce ta tafi da ƙarfinsa, ganga za ta dawo da shi. Ranar kasuwar Tibiri na kama zakarana ja na tafi, na nemo wani makaɗi da ake ce wa Yaro, ko da yake gemunsa ya fara fari. Na ba shi zakaran, ya ce gobe da sassafe yana gonarmu.

Ya kuwa zo. Hannunsa da daɗi, ban rage masa ba. Da ya saki kiɗin sai na ga kafaɗun Rabo sun motsa, ya miƙe, ya ɗauki hauya. Sannan Yaro ya buɗe baki.

"Giwa mai karya itace! Sarkin noma ɗan sarkin noma, jikan sarkin noma! Wanda bai taɓa gajiya ba, wanda bai taɓa barin nashi baya ba!"

Uban Rabo mai haƙar rijiya ne, ko gonar kirki bai riƙe ba. Wannan ma da sauƙi. Maganar ƙarshen ce ta yi ɓarnar. Yaro bai san komai ba, kirarin da yake yi wa kowane manomi daga Tibiri har iyaka shi ya juye mana. Rabo ya tsaya a rabin layi. Ya juyo ya dubi makaɗin, ya dube ni.

"Ƙarya shikai," ya ce a hankali. "Ke ko kin san ƙarya shikai."

Ya ajiye hauyar, ya kama hanyar gida. Kwana biyu yana kwance fuskarsa na kallon bango, ko bakin gonar ya daina zuwa. Ni na jawo wannan, da hannuna da zakarana, kuma na ji ciwonsa har cikin ƙashina.

A rana ta uku na yi abin da na shekara ina gudu. Na tafi gidan Shatu, matar marigayi Ɗanmalam. Tun da ta fita takaba ban taka gidanta ba, in na hango ta a rijiya sai in sake hanya. A gonarmu mijinta ya faɗi, ban san da wane ido zan dube ta ba. Na same ta tana ɓarar gyaɗar iri. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ladidi, ashe kin san hanya."

Na durƙusa na gaishe ta, kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata, tana ta ɓararta, sannan na kwashe komai na faɗa mata, har da zancen Yaro. Da na kai wurin giwa sai ta yi dariya har ta share ƙwalla.

"Giwa! Rabo? Ke shekara nawa kina kai hura gona, ba ki taɓa sauraren abin da maigidana ka hwaɗa mishi ba?"

Gaskiya ban taɓa ba. Ƙarar gangar nake ji daga nesa, in na iso kuma an tsaya hutu.

"Tashi ki tahi gida," ta ce. "Gobe ki hiddo shi gona, ko da jan riga na. Ki ce ni ka kira nai."

Bai iya ƙin kiran Shatu ba. Da safe ya fito yana jan ƙafa, kansa a sunkuye. Muka same ta ta riga mu, tana tsaye a bakin gona, babu ganga, babu komai sai zanenta. Geron ya fara rawaya a gefen gabas, ciyawa ta kai ƙwauri. Rabo ya durƙusa zai gaishe ta.

"Tashi, abokin maigidana," ta ce. "Magana biyu gare ni. Ta hwarko, tun rani, kahin gayyar nan, ƙirjin maigidana ka ciwo. Ni na sani, shi ya sani, ya hana in gaya maka don kar ka hana shi zuwa. In da wanda za ya riƙe ka a rai, ni ta. Ban riƙe ka ba. To kai wa ya ba ka izinin riƙe kanka?"

Rabo ya rufe fuska da hannu. "Layi ukku, Shatu. Yana kwance, ina noma."

"Ita ta magana ta biyu. Layi ukku ka yi, ba ganga. An ce mini ko saurinka bai ragu ba. To wa ka yi maka kiɗi?"

Na ga hannunsa ya sauka daga fuskar.

"Kunnenka ba bisa hwatar ganga shike ba," ta ce. "Maganatai ta riga ta shige cikinka, ita kaka bi. Ya sha gaya mini, yi ma Rabo kiɗi ya hi na kowa sauƙi, ya hi na kowa wuya, don ba shi cin ƙarya. Bai taɓa ce maka giwa ba. Tuna mi shika cewa."

Rabo ya dubi ƙasa. Can ya ce, da ƙyar ake ji, "Shina cewa, Rabo, ka gama wanga. Ga wani."

"Sai mi?"

"Rabo, ka yi shi da kyau, ba ka sare gero ba. Rabo, ka gaji amma kana tsaye."

"To ka ji. Abin da idonai ya gani shika hwaɗi, ba ƙari. Ganga don mutane ta. Yanzu ba shi nan, kai kana da baki. In ka kai ƙarshen layi ka miƙe tsaye, ka kira sunanka, ka hwaɗi abin da ka yi. Gaskiya kaɗai, komi ƙanƙantarta. Waccan muryar in ta taso kar ka yi gardama da ita, ta hi ka baki. Bar ta ta ƙare, kai ko ka hwaɗi taka."

Ta ɗauki hauyar da kanta ta miƙa masa, ta juya ta tafi, ta ce gyaɗarta tana jira.

Ya duƙa. Layin farko ya ci masa lokacin da a da yake yin biyar. Da ya kai ƙarshe ya miƙe, ya waiwayo ya ga ina kallonsa, kunya ta kama shi.

"Ke juya baya."

Na juya. Sai na ji shi can ƙasa-ƙasa, kamar mai satar magana. "Rabo, ka gama wanga." Can kuma, "Ga wani."

Dariya ta taso mini, kuka ya biyo ta. Ranar layi huɗu ya yi. Ƙatuwar gona, layi huɗu! Da ni ce ta jiya da na ce masa ko Fati, ƴarmu mai shekara tara, ta fi haka. Na ciji harshena har na ji gishiri.

Washegari ya yi tara. Na ce shi ke nan an warke. Rana ta uku kuwa ya tashi jikinsa duk ya yi tsami, ya ɗauki hauya ya kai ƙofar gida, ya zauna daɓas.

"Kin gani? Na koma. Daman na san ba ni kai ko'ina."

Faɗa ya zo mini har leɓe. Na haɗiye shi, na tsuguna kusa da shi, na rasa abin cewa, domin ni ban saba da irin wannan magana ba. Sai na duba abin da idona ya gani.

"Ka tashi tun assalatu," na ce. "Ka yi salla. Ka ɗauko hauya ka kawo ta har nan."

"Wanga har abin hwaɗi na?"

"Ƙarya na yi?"

"A'a."

"To hwaɗa da bakinka, ni ba makaɗiyarka ba ta."

Ya harare ni, amma ya faɗa. Rabo, ka tashi. Rabo, ka kawo hauya ƙofar gida. Ya ɗan zauna, sannan ya ƙara da kansa, "Ga hanya." Ya miƙe ya bi ta.

Daga ranar abin ya zama masa kamar alwala. A ƙofar gida zai faɗi guda kafin ya fita, a ƙarshen kowane layi ya faɗi guda, in ya dawo ya wanke ƙafa ya faɗi na yinin gaba ɗaya. Muryarsa ta riƙa ƙaruwa har masu wucewa suka fara ji. Aka ce Rabo yana hira da iskoki a gona, gwaggonsa ta zo tana murna wai turarenta ne ya ci. Na bar ta da murnarta.

Kada ku ɗauka waccan muryar ta mutu. Sau da yawa ina hango shi ya tsaya cak a tsakiyar layi, hauya a ƙasa, kai a sunkuye, na san ta zo. Wata rana ya ce mini tana zuwa ne musamman in ya gaji, ko in ya ji ana kiɗa a gonar wani. Yakan tsaya ta gama zaginta. In ta gama sai ya ce, "Na ji. Rabo, ka yi goma sha biyu yau." Akwai ranar da ta fi ƙarfinsa ya dawo gida tun kafin azahar. Ya zauna ya wanke ƙafa, ina jira in ji ko zai ce wani abu. Ya ce, "Rabo, yau ka gudu. Amma ka yi shida kahin ka gudu, kuma gobe tana nan." Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

Ba mu ceci gonar duka ba. Gefen gabas ya riga ya tafi, sai da muka bar wa ciyawa shi. Sauran ya farfaɗo, ya yi duhu, Rabo ya yi masa maimai, wato noma na biyu, a kan lokaci, Allah kuma ya ba da ruwa har ƙarshe. Da kaka ta yi muka yanka muka ɗaure. Ba irin shekarun da ba ne da ake zuwa kallo, amma da aka jera dammunan a bakin rumbu na duba na san yarana za su ga wata daminar da tuwo a cikinsu.

A wajenmu, kafin manomi ya zuba hatsi a rumbu, yakan ware dami guda, wanda ya fi kowanne cika, ya kai wa makaɗin da ya yi masa kiɗi a shekarar. Damin makaɗi ake ce masa, kuma da kai ake kai shi, ba a aike. Ina tsaye na ga Rabo yana zagaya dammunan yana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Ya zaɓi wani mai dogayen zangarniya, ya ɗora a ka, ya fita. Na yafa zane na bi shi, don na san inda za shi.

Shatu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ita bana abin da ta samu a ɗan filinta bai taka kara ya karya ba, kowa ya sani. Rabo ya yi sallama, ya sauke damin a gabanta. Ta dube shi, ta dubi damin, ta girgiza kai.

"Ɗauki abinka. Wanga na makaɗi na, maigidana ko bai yi maka kiɗi bana ba. Kai ka yi ma kanka. Kai shi gidan makaɗin."

Na ce a raina yau ga rigima, domin Shatu in ta kafe ko jaki ya sallama mata. Rabo ya tsaya yana murza hularsa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki damin, har na zaci tafiya zai yi. Ya rungume shi a ƙirji.

"To, na karɓa," ya ce. "Ya zama na makaɗi ko?"

"Ya zama."

Ya taka zuwa ƙofar ɗakinta, ya jingina shi da bango.

"Makaɗin ya ba ki."

Shatu ta ajiye rariyar, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Muka tsaya tare da ita har ta natsu, sannan muka yi mata sallama, domin sauran hatsin yana waje kuma awaki sun fara zagaye shi.